Tabarmar Da Na Bari Ta Huce

Sunana Ɗangiwa, tela, mutumin Kebbe. Na kusa casa'in. Ban zauna aji ba, allo na riƙe, shi ma ban sauke ba. Abin da zan faɗa muku ko limaminmu bai taɓa ji daga bakina ba. Wanda ya karanta ya riƙe "Allah sarki" ɗinsa. Ba ita na zo nema ba.

Matata Zahara'u 'yar Jabo ce. Biki ya kawo ta Kebbe wurin gwaggonta, ta kawo mini atamfa in kalmashe mata baki. Na kalmashe a karkace, da gangan, don ta dawo. Ta dawo. Na sake karkatawa. Rana ta uku ta tsaya bakin rumfata, fatala ja a kanta, awarwaro biyu a hannun hagu, ta jefa zanen kan kekena.

"Tela, kekenka ne ba lafiya, ko kai?"

"Ni."

"To maganin irin ciwonka Jabo yake, wurin Babana. Zanena dai ka bar shi shi huta."

Haka take. Bakinta ya fi almakashina kaifi, dariyarta kuma daga bakin rijiya ake jiyo ta. Ku riƙe wannan, don ku san irin macen da aka kawo mini.

Aka ɗaura aure. Ɗakinta gadon ƙarfe mai rumfa, jeren tasoshi har kusa da rufi, faya-fayai masu launi a bango. Mu uku ne a gidan: ni, ita, da mahaifiyata Inna Tambaya. Mahaifina ya daɗe da rasuwa.

Ta haihu satin da aka sauke tutar Ingila. Namiji. Hukumar En'e ta ba ni aikin ɗinka wa 'yan elemantare ƙananan tutoci, kore da fari. Da ƙyallayen da suka rage na yi wa jaririn hula, rabi kore, rabi fari. Da hannu na ɗinka, don kada ɗinkin keke ya ci masa kai. Ranar suna na raɗa wa liman sunan mahaifina a kunne. Sau ɗaya ke nan da sunan ya fita bakina, shi ma a raɗa.

Ku 'yan yanzu sai an yi muku bayani. A wurinmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari. Ba ta yi masa wasa gaban mutane, ba ta nuna ta san da shi. Ga shi kuma sunan surukinta ne, wanda ko a mafarki ba ta isa ta furta ba. Kunya biyu a kan ɗa guda. Inna tana ce masa "maigidana", mutanen gari suna cewa "Baba ƙarami". Zahara'u sai dai ta ce "yaron Inna". In za ta ba shi nono sai ta juya wa ƙofa baya. Na sha leƙowa in tarar tana shinshinar kansa, da ta ji motsina ta ajiye shi kamar ƙwarya.

Ƙyanda ta shigo gari da bazara. Watansa bakwai. Kwana biyar ya yi.

Da maza suka shigo ɗaukarsa na ga bakin Zahara'u ya buɗe. Kafin sauti ya fito Inna ta dafa mata gwiwa.

"Ɗan fari ne. Kada ki kunyata mu. So kike a ce ɗiyar Jabo ta yi wa ɗan fari kururuwa gidan miji?"

Ta rufe bakin. Ta tashi ta ɗebo wa masu gaisuwa ruwa. Mata suna ta yabo, "Wagga ɗiya ta san kunya, ko ƙwalla." Ni kuwa kaina ya kumbura. Har sabon zane na ɗinka mata na ce tukwici ne. Tukwicin rashin kuka. A lokacin ban ga aibun abin ba.

Ciwon bai zo da gudu ba. Farko miya ce ta zo ba gishiri. Sai waƙar niƙa ta ɗauke. Sai kitso ya tsufa a kanta har ya cukurkuɗe, ta ƙi zuwa wurin makitsiya. Damina ta sauka, kowa yana gona, ita tana bakin gado tana kallon bango. Tasoshin da take gogewa kullum suka yi duhu. In an ba ta tuwo sai ta riƙe loma har ta sandare a hannunta. Awarwaron da ke tsayawa a wuyan hannu ya koma yana zamewa har gwiwar hannu.

Inna ta ce iska ce. Aka yi rubutu, aka yi hayaƙi. Da bai yi ba ta ce lalaci ne. Ni na fi yarda da na biyun. Wata rana na dawo daga kasuwa na tarar ko wuta ba a hura ba. Na tsaya a kanta na ce, "Taɓarya ta fi ki amfani a gidanga. Ita ko banza ana daka da ita."

Ta ɗago ta dube ni. "Gaskiya ne, Malam."

Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

Da kaka ta gabato ma'aikatan lafiya suka zo daga Tambuwal suna yi wa yara lamba, gida-gida. Cikinsu akwai nas, Malama Hinde, gajeruwa, farar riga mai sitaci har ƙasan gwiwa, ɗan agogo maƙale a ƙirji. Ta shiga gidanmu tana tambayar yara. Inna ta ce babu. Ta leƙa ɗakin Zahara'u, ta daɗe ciki. Da ta fito ta same ni a zaure.

"Malam, matarka ba ta da lafiya."

"Lalaci ne."

"Malalaci yana cin tuwo. Wannan ba iska ba ce, ba hauka ba ce. Baƙin ciki ne ya rasa ƙofar fita, ya kwanta ya zama ciwo. In ka bar ta haka ba ta kai rani. Ka kawo mana ita."

Yanzu kuna ce masa ciwon damuwa, har a rediyo. Mu lokacin ba mu da sunansa. Na yarda na kai ta, amma kada ku yaba mini. Maƙwabta sun fara cewa matar tela ta taɓu. So nake ta bar idonsu.

Dogo direba ya kai mu Tambuwal a motarsa ta kaya, bisa buhunan gero.

Asibitin ƙarami ne. Ɗakin magani, ɗakin haihuwa, wani ɗan ɗaki mai gado biyu, sai baranda inda masu jiran allura ke zama. Rijiya a tsakar gida, itacen dogon yaro kusa da ita. Mutum uku ke riƙe da wurin. Malama Hinde ɗaya. Malam Sama'ilu biyu, shi ke ba da magani da allura, siriri, mai sanyin murya, wandon kaki da ya sha guga. Sai Iya Atu, tsohuwar ungozoma, ita ke shara da dama kunu, haƙoranta ja da goro, a boko ko bihim ba ta sani ba.

Ba su da maganin ciwon. Malam Sama'ilu ya faɗa mini da bakinsa, ƙwayar barci ce kawai da maganin ƙarin jini. Abin da suke da shi tabarma ce.

Tabarmar kaba, a shimfiɗe gefen gadonta. Dokarsu ɗaya: ba a barin ta ta huce. Kullum da mutum a kai. Wanda ke zaune ba ya tashi, ko fitsari ya matse shi, sai mai karɓarsa ya zo ya dafa masa kafaɗa. Atu ke kwana da ita. Hinde ta karɓa da hantsi. In mai naƙuda ta zo, Malam Sama'ilu ya ja tabarmar bakin ƙofa, ya bar ƙofar a buɗe, ya zauna yana naɗe bandeji. Tun ranar farko ya sa aka rufe rijiyar da kwanon rufi aka sa kwaɗo, mabuɗin a aljihunsa. Na tambaye shi dalili.

"Saboda awaki," ya ce.

Asibitin ba akuya ko ɗaya.

Kowace safiya su haɗu a bakin ƙofar, mai tabarma yana kanta, idonsa a kan gado, su yi ƙasa da murya, kowa ya faɗi abin da ya gani. Atu tana da gwangwanin madara. Duk lomar da Zahara'u ta haɗiye sai ta jefa tsakuwa ciki. Ta zazzage wa Hinde a tafin hannu, Hinde ta rubuta a littafi. Satin farko tsakuwa uku ce, wata rana huɗu.

Ni ma suka kafa mini doka. In na zo dubiya kada in ce mata "yi haƙuri".

"To mi za ni ce?"

Atu ta tofar da goro. "Ka ji tela. Wata shida kuna ɗura mata haƙuri awa gumba. Ta ƙoshi. In ba ka da wata magana ka zamna ka yi shiru. Shiru bai taɓa kashe tela ba."

Duk ranar kasuwar Tambuwal nake zuwa in tsaya a taga. Ba na shiga. Amma na ga aikinsu. Atu ta yi kwana uku tana tsefe mata kai, ta kitse rabi, ta ce hannunta ya gaji, ba ta ƙarasawa sai an roƙe ta. Zahara'u ta kwana huɗu da rabin kitso. Ran na biyar ta ce, "Iya, ƙarasa min." Atu ta jira har aka dafa ta, sannan ta fito baranda tana taka rawa kamar an yi mata bushara. Malam Sama'ilu shi kuma ya riƙa naɗe bandeji a karkace a gabanta, har ta gaji da gani, ta miƙa hannu ta karɓa ta gyara. Na gane dabarar. Tawa ce. Da ita na auro ta.

Abin da ban yafe ba shi ne na Hinde. Sati na uku ina taga na ji ta, cikin murya kamar mai tambayar hanya, tana cewa, "Wace irin dariya yake yi?" Ta kuma kira yaron da sunansa. Sunan ubana, ƙarara, a kunnen matata. Na jira ta fito na tare ta gindin dogon yaro.

"Malama, ba a koya muku tarbiyya a makarantar taku? Kin san sunan wa kinka kira?"

"Na sani. Mu ukun muna kira, kullum. Shawara muka yi. Ita ba ta iya ba tukuna, muna riƙe mata."

"Al'adarmu ba ta..."

"Ni ma 'yar ƙasar nan ce, Malam. 'Yar fari ce ni, uwata har ta mutu ba ta kira sunana ba. Amma ina raye, tana ganina ina shiga ina fita. Ita wannan mi aka bar mata?"

Na juya na tafi. Na ɗauka ƙanƙanci ne in tsaya musu da mace a tsakar gida.

Sati na shida tsakuwa ta haura ashirin. Ranar na iso da hantsi na tarar da su ukun a bakin ƙofa suna gardama, kuma a kaina. Zahara'u ce ta ce tana son magana da ni. Ga shi an aiko kiran Hinde cikin gari wurin mai naƙuda, baranda cike da masu jiran allura, ruwan kunu yana kan wuta.

Atu tana kan tabarma ta ce, "Ni ban yarda ba. Ku dubi idonshi, awa almakashi."

"Mijinta ne, Iya," in ji Hinde. "Gidansa za ta koma. In bai koyi zaman tabarma nan ba, ina zai koya?"

Suka dubi Malam Sama'ilu. Ya daɗe yana murza mabuɗin rijiya a aljihu.

"A ba shi. Rabin sa'a." Ya juyo gare ni. "Malam Ɗangiwa, abu ɗaya. Ko mi ka ji, ko mi ka gani, ba ka tashi sai Iya ta dafa ka."

"Ni da ke yini kan keke, ni za a koya wa zama?"

Atu ta tashi tana ƙunƙuni. Na ja tabarmar gefen gado na zauna. Da ɗuminta.

Zahara'u tana ɗaure da zanen saƙi baƙi, na Atu ne, kitso sabo a kanta. An sa mata kwalli. Na manta rabon da in ga idonta da kwalli. Zuciyata ta motsa, ba zan ɓoye ba.

"Sannu da hanya, Malam."

"Yawwa."

"Ƙaƙa Inna?"

"Lafiya."

Ta kwance ƙullin bakin zanenta ta fito da hular. Rabi kore, rabi fari, ta yi dauɗa. Na ɗauka tana cikin kayan da Inna ta bayar sadaka.

"Ƙamshin kanshi ya fita daga ciki," ta ce. "Tun watan jiya nika nema, babu. Kana tuna yadda yake dariya in ya ji ƙarar keke?"

"Bar zancen."

"Magana biyu gare ni. Bari in fara da shi. In na iya, sai in faɗi ta biyun."

Ta ja numfashi. Sai ta kira shi.

Attahiru.

Ga shi na rubuta. Hannuna ne ya rubuta, ba bakina ba.

Ta kira sau ɗaya a hankali. Na biyu da ƙarfi. A na uku kukan da Inna ta danne tun bazara ya fito gaba ɗaya, har kwanon rufi yana amsawa. Baranda ta yi tsit. Tagar a buɗe take, kuma cikin masu jiran allura akwai Na'Allah mahauci, maƙwabcina a kasuwar Kebbe, wanda labari ba ya kwana a cikinsa. Na ga hularsa ta matso jikin taga. Na ji ya ce wa na kusa da shi, "Ashe matar tela har sunan suruki taka kira."

Ku da ke karatu kuna cewa ai sai in riƙe hannunta. Ku faɗa, baki naku ne. Ni ga abin da na yi.

Na fizge hular. Ni na ɗinka ta, na san inda zaren ya ƙare. Na cije ƙullin da haƙori na ja sau ɗaya. Ta rabe biyu, kore daban, fari daban. Na jefa mata a cinya.

"Da kin iya riƙon ɗa yadda kinka iya riƙon tsumma, da yana nan."

Kukan ya tsaya cak, kamar an yanke da wuƙa. Ta dubi ƙyallayen.

"Gaskiya ne, Malam."

Na tashi. Ba wanda ya dafa ni. Na bi ta baya don kada in haɗa ido da Na'Allah, na nufi tasha.

Ina zaune jikin motar Dogo ana lodi sai ga Malam Sama'ilu a kan keke, hannun farar rigarsa duk ƙasa. Ya jingine keken. Bai ɗaga murya ba. Da ya ɗaga da na san abin yi.

"Iya ta kawo kunu ta tarar ba kowa. Ta taɓa tabarma ta ji sanyi."

Ya ci gaba.

"Matarka rijiyarmu ta fara zuwa. Ta tarar da kwaɗo, ta tsaya tana jijjiga shi. Abin da ya ɓata mata lokaci ke nan. Sannan ta fita ta baya ta nufi tsohuwar rijiyar marina. Iya ta cim mata ƙafa ɗaya ta riga ta hau baki. Ta kamo zane, sunka faɗo baya tare. Hannun Iya ya karye, nan." Ya nuna wuyan hannunsa.

"Tana da rai?"

"Wace? Su biyu ne. A'a, uku."

Na dube shi.

"Magana ta biyun ke nan da take son faɗa maka. Ciki gare ta, wata uku da rabi. Malama ta gano tun satin farko, munka bar wa matarka ta faɗa maka da bakinta."

Ku duba watannin da kanku. Macen da nake cewa taɓarya ta fi ta, ban fasa shiga ɗakinta ba.

Na bi shi muka koma. Hinde ta dawo, tana tsaye bakin ƙofa, ta tare ta da jikinta duk gajartarta. Ta saman kanta ina hango Atu kan tabarma, hannu ɗaya a ɗaure rataye a wuya, ɗayan yana kan ƙafar Zahara'u. Gwangwanin madara yana kife.

"Ba ka shiga," in ji Hinde. "Laifin ba naka ba ne kai kaɗai. Iya ta faɗa, muka fi ta yawa, ni ce kuma na fara cewa a ba ka. Wannan namu ne, za mu ɗauka. Amma tabarmar nan ba ka ƙara zama kanta."

"Matata ce. In na ga dama yau in tafi da ita."

Daga ciki Atu ta ce, "Taho ka ɗauka, tela. Hannu guda ya rage min. Shi ma ka karya, sannan ka wuce."

Na koma Kebbe ni kaɗai, Na'Allah a bayan mota, bakinsa bai huta ba har muka isa. Inna ta ce in aika mata da takardar saki. Ban aika ba. Ban kuma je ba. Wata uku.

Dogo ke kawo mini labari ba tare da na tambaya ba. Sun koma farko, tsakuwa ɗaya, biyu. Sati biyu ba ta yi magana ba. Malam Sama'ilu ya aro wata tabarmar, suka riƙa zama bibbiyu. Daga baya Atu ta ce ita da hannu guda ba ta iya dama kunu, ko za a bar marasa lafiya da yunwa? Zahara'u ta sauko daga gado ta karɓi muciya. Da ta bar ɗakin jinya gidan Atu ta koma da zama.

Da na ji an ce ta miƙe, na ɗinka mata zane da riga na atamfa mai ruwan goro, na je. Na same ta a ɗan ɗakin nan, amma ba kan gado ba. Tana kan tabarma, gefen wata Bafulatana da ta juya wa duniya baya tana kallon bango. Cikin Zahara'u ya fito sosai. Na yi sallama, ta amsa, ba ta motsa ba.

"Fito mu yi magana."

"Ba a tashi, Malam. Sai an dafa ni."

Na tsaya a rana. Hinde ta gan ni sarai, ta ci gaba da wanke kwalabe ɗaya bayan ɗaya. Sai da inuwata ta dawo ƙarƙashin ƙafata ta je ta dafa ta.

Gindin dogon yaro Zahara'u ta kwance bakin zane ta miƙo mini hular. An haɗa ta. Hannu uku na gani. Gefe ɗaya baƙin zaren ɗinke rauni, ƙanana a jere, na Hinde. Tsakiya farin zare a karkace, na Malam Sama'ilu. Ƙarshe manyan tsalle-tsalle, aikin hagun Atu. Mugun ɗinki. A rumfata da na kori wanda ya yi shi. Na sa yatsa na ja. Bai motsa ba.

"Ina son ɗakina," ta ce. "Ban bar sonka ba, abin haushin ke nan. Amma ba ni komawa gidan da ba a kiran shi. Kira shi sau ɗaya, nan, in ji. Sai in ɗauko kayana."

Na buɗe baki. Na dubi baranda. Mutum biyar ko shida, ba wanda na sani cikinsu. Duk da haka.

"Ga zane na kawo miki," na ce.

Ta karɓa, ta warware, ta bi kalmasar da yatsa daga farko har ƙarshe.

"Wannan karon ta miƙe."

Ta ninke ta miƙo mini abina, ta koma ciki.

Bazara ta zagayo. Wata rana da azahar Dogo ya tsayar da mota gaban rumfata ya miƙo takarda ta taga. Ajami ne, rubutun Malam Sama'ilu. Na bi shi baƙi-baƙi, da ƙyar.

"Bayan gaisuwa. Zahara'u ta sauka lafiya, namiji, yau kwana shida. Suna gobe da hantsi a gidan Iya Atu. Mai jego ta ce sunan wansa take so a mayar. Liman ya ce daga bakin uba zai ji. Ta ce a gaya maka, ba a raɗa ba. Mota tana juyowa da la'asar. Mu uku mun yi shawara kafin in rubuta. Iya ba ta yarda ba."

Na rufe keke. Na shiga gida na yi wanka, na sa babbar rigata ta salla, na ɗauki zanen nan mai ruwan goro na sa a hammata. Da na fito na tarar da Inna zaune a ƙofar zaure, carbi a hannu, ta miƙe ƙafafunta biyu sun tare hanya. Dogo ya riga ya watsa labarin a tasha.

"Na ji," ta ce. "Za ka tai ka tsaya gaban mutanen Tambuwal ka kira sunan ubanka da ƙarfi, don ɗiyar Jabo ta ce."

"Inna, ɗana ne."

"Ni ma ɗa gare ni. Wanka ne, ɗana na fari, ranar da ya mutu daka nike. Ban aje taɓarya ba sai da gari ya yi laushi. Wa ya shimfiɗa min tabarma?"

Ban taɓa jin ta ambaci wannan yaron ba sai ranar. Ko ranar ba ta faɗi sunansa ba.

"Ƙofa guda ce gidanga," ta ce. "In za ka, tsallake ni."

Ba a tsallake ƙafar uwa. Wannan ko ku kun sani.

Daga tasha Dogo ya danna ham. Uku yake yi ya tashi, kuma ba wata motar sai bayan kwana bakwai. Na tsaya ina kallon ƙafafun nan biyu, busassu, masu kaushi. Na gwada sunan a cikin bakina, ba sauti, in ji ko zai fita in an je. Inna ta ga leɓena yana motsi, ta ƙara miƙe ƙafa har diddigenta ya taɓa bangon ƙofa.

Dogo ya danna na biyu.